Jan Wutar da Baba Ya Gani

Baba Ezekiel ya ƙare ƙuruciyarsa yana rina yadi a wata masaƙa a Kakuri. Bayan an rufe masaƙar sai yanar ido ta kama shi, har ya kai ba ya bambanta kore da ruwan toka. Da aka yi masa aiki ido ya washe, 'yarsa Hadassah ta tambaye shi inda yake so ta fara kai shi. Ta zaci zai ce coci, ko ƙauye.

"Wurin aikinki," in ji shi. "Kullum sai ki ce min batir, batir. Ina so in gani da idona."

Hadassah ta ɗan ji nauyi. A wani ƙaramin kamfani take aiki, inda ake farfasa matattun batiran waya da na sola a kwashe abin da zai sake amfani. Wuri ne mai ƙara da ƙauri, ba ta ga abin kallo a cikinsa ba. Amma ta roƙi manajarta, Madam Irene, ta kuwa yarda.

Ranar Asabar suka hau keke daga Mahuta. Baba ya ci adonsa na zuwa biki, har da hula. A ƙofar ɗakin gwaji Hadassah ta saka masa farar riga da gilashin kare ido, ya tsaya ƙiƙam kamar ɗan makaranta tana ɓalla masa maɓalli.

Ta nuna masa baƙar hoda a cikin kwalba. "Wannan ce cikin batirin, Baba, bayan an niƙe shi. Da ido duk ɗaya ce. Aikina in faɗi abin da ke ciki, da yawansa, kafin a sake yin sabon batir da ita."

"Kamar gawayi," ya ce, yana jujjuya kwalbar.

Ta ɗauko ruwan da ta riga ta narkar da hodar a ciki, ta kunna wata na'urar gwaji. Wata siririyar wuta shuɗiya ta tashi a bayan ɗan tagar gilashi. Ta bayyana masa cewa na'urar za ta tsotsi ruwan ta fesa a wutar, kowane sinadari kuma da irin hasken da yake bayarwa, da shi ake gane shi.

"Matso ka leƙa. Wanda muka fi nema zai fito, sunansa litiyam."

Baba ya sunkuya. Wutar ta ɗan girgiza, sai ta rikiɗe ta yi ja wur.

Hadassah ta ga hannunsa ya kama gefen tebur, ta ɗauka idon ne ke masa zafi.

"Baba, lafiya?"

"Irin wannan jan muke bugawa a zanin matan zumunta na coci," ya ce a hankali. "Mamanki tana da shi. Na ɗauka ba zan ƙara ganinsa ba." Ya ɗaga gilashin ya share ido da bayan hannu. "Ƙara yi."

Ta ƙara. Sannan ta sa masa ruwan gishiri wutar ta yi rawaya, ta sa na jan ƙarfe ta yi kore. Baba ya dinga kiran kowane launi da sunan da suke ce masa a masaƙa, yana dariya, har Madam Irene ta leƙo ta tsaya kallo. Lambobin da ke fitowa a kwamfuta ko kallonsu bai yi ba.

Da suka fito rana, ya tsaya ya kama haɓarta, ya juya fuskarta yana dubawa kamar yadi.

"Hadassah, yaushe kika yi furfura?"

"Ɗaya ce fa, Baba!"

"To, bar ta, kar ki cire. Ta yi miki kyau."

Ta riƙe masa hannu za su tsallaka titi, kamar yadda ta saba. Yana ganin hanya sarai, amma bai zare hannun ba.