Dalma a Tsagar Ƙarfe

Yero Dillali maƙaryaci ne, kuma ƙaryarsa ta karya ƙafar mutum. Ba ta tsaya nan ba, saura ƙiris ta kai wani tsoho gidan yari.

A kakar 1974 Yero ya sayar wa Na'Allah, wani manomi daga Auna, amalanken shanu. Sandar ƙarfen da ke riƙe da tayoyin ta sha baƙin fenti, ya rantse sabuwa ce. Kafin ya miƙa kaya, ya kai sandar zuwa maƙerar Sati da ke bayan kasuwar Kontagora, don a gyara bakinta guda ya shiga taya daidai. Kwana tara bayan haka, amalanken na ɗauke da buhunan dawa, sandar ta karye daga tsakiya a wani gangare. Buhuna suka danne Na'Allah, ƙafarsa ta dama ta karye.

Da Na'Allah ya kai ƙara kotu, Yero ya ce shi lafiyayyen ƙarfe ya bayar, Sati ne ya gasa shi duka, ya tsoma a ruwan sanyi har ya yi gautsi. Sati mutumin Tungan Magajiya ne, shekara talatin yana ƙira, amma in ya tsorata Hausa guje masa take yi, yarensu na Dukanci ya cika masa baki. Ya kasa kare kansa. Alƙali ya ɗaga shari'a zuwa Litinin, ya ce in Sati bai kawo hujja ba, ɗauri ne.

Ran Asabar ɗansa Irmiya ya sauka hutun Kirsimeti. Yana shekara ta uku a wata jami'a a Kudu, yana karatun injiniyan ƙarafa, wato sanin yadda ake narka su da abin da ke karya su. Sati bai taɓa ganin amfanin karatun ba.

"Injiniya ya iso," in ji shi. "Shekara uku kana karanta ƙarfe a takarda, ko lauje ba ka ƙera mini ba. To, jibi za ka raka ubanka kurkuku."

"Baba, ka buga sandar kafin ka sa ta wuta?"

Ƙa'idar maƙera ce: a rataye ƙarfe a buga shi. Lafiyayye kan yi ƙara mai tsawo, mai tsaga kuwa tasa a mace take. Sati ya sunkuyar da kai.

"Na buga, ba ta amsa ba. Amma Yero ne ya riƙe ta, ya ƙi saki, wai sauri yake yi. Na ɗauka hannunsa ne ya kashe ƙarar."

Wannan sakaci ne, ba zan wanke Sati daga shi ba. Mai sana'a ba ya barin saurin wani ya raba shi da ƙa'idarsa. Amma sakaci daban, ha'inci daban.

Ran Litinin Irmiya ya roƙi a ba shi guntayen sandar biyu. Ya juya bakin karayar zuwa haske, ya daɗe yana dubawa.

"Allah gafarta Malam, duba nan. Wannan ɗan gefen mai ƙyalli kamar sukari, shi kaɗai ya karye ran haɗarin. Sauran kuwa baƙi ne, ga tsatsa, ga layi-layi kamar zoben albasa. Tsagar ta yi shekaru tana ci a hankali."

Yero ya yi dariya. "Malam, boko ne ke damun yaron nan. Dama ɗa zai ce ubansa ya yi laifi?"

"Kai dai yi shiru, ba a zo kanka ba," in ji alƙali. "Ci gaba, samari."

Irmiya ya sa aka aro kaskon gawayi wurin mai shayi, ya ɗora bakin karayar a kai. Kafin ruwan shayi ya tafasa sai wani abu fari ya fara zubowa daga gefen tsagar, yana ɗiga cikin toka.

"Dalma ce. An cika tsagar da ita, an goge, an shafa fenti. Wutar shayi ma ta narkar da ita. Da wutar maƙera ta taɓa wurin nan, da ko ɗigo ba a samu ba."

Babu wanda bai san Yero da liƙin tsofaffin bokitai da dalma ba kafin ya zama dillali. Ya fara wata rantsuwar, ya dubi ɗigon da ke cikin toka, ya fasa. Ya amsa cewa daga jikin wata matacciyar mota ya ciro sandar.

Sati ya zauna daɓas a ƙasa. Aka ba shi ruwa ya shanye moɗa guda, sannan Hausarsa ta dawo.

"Ashe takardar taku tana jin ƙarar ƙarfe," ya ce wa ɗansa. "Amma lauje dai har yanzu ba ka iya ba."

"Sai ka koya mini gobe, Baba."

Alƙali ya sallami Sati. Yero kuwa aka yanke masa ɗaurin watanni tara a gidan yari.