Sunan da ke Cikin Fasfo

Tun ranar da fasfon yarinyar ya fito gabana ya faɗi, na kuma gaya wa matata Mariya cewa wannan ɗan littafi sai ya jawo mana wani abu. Ta ce haka na faɗa ranar da muka sayi murhun gas, haka na faɗa ranar da aka jawo mana famfo cikin gida. Ba ta yi ƙarya ba. Amma wannan karon abin ya zo, sai dai ba ta ƙofar da na tsare ya shigo ba.

Sunana Boubacar Bawa. Gyaran firigo, wato firji, nake yi a nan Niamey, shagona yana Maourey, gidana yana Talladjé. Yaranmu biyu, Inna mai shekara huɗu da rabi, da Ado wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Mahaifiyata, Hajiya, tare muke zaune tun da ta baro Tahoua.

Ƙanin Mariya, Habibu, ya shekara goma sha ɗaya a ƙasar Girka, yana dafa abinci a wani otal a tsibirin Naksos. Shi ya dage sai mun je masa hutu da yara, ya aiko da tikiti da takardar gayyata. Biza ta ci mana wata huɗu da takalmi guda. Da na gaya wa Hajiya inda za mu, sai ta ce, "Girka? Me za a girka?"

Na ce, "Sunan ƙasar ke nan, Hajiya."

Ta ce, "To, shi ya sa yaron ya zama kuku."

Ga inda matsalar take. Inna ba shi ne sunan ƴata ba. Sunan Hajiya ta ci. Ni kuwa tun da na buɗe ido a duniya, shekara arba'in da biyar, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Mariya ma ba ta faɗinsa, ai sunan surukarta ne. Tun ranar suna muke ce wa yarinyar Inna, kartiye, wato unguwarmu, duka haka suka san ta, ita ma iyakar abin da ta sani ke nan. Amma a fasfo sunan na gaskiya ne, ga shi nan ɓaro-ɓaro da rubutun Faransanci.

Wani mai kawo mini gyara, wanda ya taɓa zuwa Turai, ya ce a can in ka zo da yaro sai ma'aikaci ya kira shi da sunan da ke takarda. In yaron bai waiwayo ba, sai a ce sato shi ka yi. Na dawo gida na jera fasfo huɗu a kan tabarma. Nawa ya ƙare da Bawa, na Mariya da Abdulaye, na yaran da Boubacar. Mu dai mun san kowa sunan ubansa yake ɗauka. Bature fa? Zai ga mutum huɗu, sunan gida uku, da yarinyar da ba ta san sunanta ba. Kwana uku tuwo bai yi mini daɗi ba.

Dabara ta zo mini ta kan maƙwabciyarmu Madam Kadi, Bazabarma, tsohuwar malamar lakol, wato makarantar boko. Na roƙe ta ta koya wa yarinyar sunanta. Ta yi dariya har tana riƙe ƙofa.

Ta ce, "Malam Boubacar, kai ka raɗa mata suna, ni zan gaya mata?"

Na ce, "Liman ya raɗa, Madam. Ni rago kawai na kawo."

Kullum da la'asar Inna takan shiga gidanta, Madam ta kira sunan, ita kuma ta ce na'am. Cikin sati guda ta iya. Da na tsaya nan, da lafiya lau. Amma mai fargaba ba ya sanin inda ake tsayawa. Na ce a raina, in aka tambaye ta sunanta ta ce Inna fa? Sai na ƙirƙiro wasa. Na zaunar da ita na ce, "Daga ranar da muka hau jirgin sama, babu Inna. Ko wa ya ce Inna, ki yi shiru. Ko ni ne. Sunan da Madam ta koya miki kaɗai za ki amsa." Sai in laɓe bayan ƙofa in ce, "Inna!" In ta amsa, babu komai. In ta yi shiru, bombon guda, wato alewa. Har ta kai tana toshe baki da hannu biyu, idanunta na dariya.

Mariya ta ce, "Baban Inna, kana koya wa yarinya ƙin amsa kiran ubanta."

Na ce, "Na sati biyu ne kawai."

Ta ce, "Allah ya sa."

Muka tashi daga Niamey, muka canza jirgi a Istanbul, muka sauka Atina, babban birnin Girka. Na isa gaban ma'aikacin zufa na bin bayana, takardun haihuwa a hannu, yarinyar a gabana. Ya dube mu, ya duba fasfo, ya buga hatimi huɗu, ya yi wa Ado murmushi. Bai kira kowa ba. Habibu yana jiranmu a waje, da Mariya ta ba shi labarin wasan bombon sai da ya zauna a kan walis, akwatin kayanmu, don dariya.

Ya ce, "Yaya, wata biyu kana haƙa rijiya, ashe ba mai jin ƙishirwa!"

Na ce, "Kai dai kuku, ɗauki kaya."

Na yi dariya ni ma, nauyi ya sauka daga kaina. Abu ɗaya na manta. Ban gaya wa yarinyar cewa wasa ya ƙare ba. A hanya hannunta na cikin nawa, ba a buƙaci kiran suna ba.

Washegari da safe muka shiga jirgin ruwa. Ni da iyakar sanina da ruwa shi ne kogin Isa na garinmu daga kan gada, sai ga ni cikin wani gida mai hawa-hawa, motoci a cikinsa, yana tafiya a kan ruwan da ba a ganin gaɓarsa. Na zaunar da iyalina nesa da taga, na ƙirga rigunan ceto, na sake ƙirgawa. Awa huɗu ba abin da ya faru. Sai Ado, wanda Habibu ya ɗura wa wani abu mai zuma, ya amayar da shi duka a gaban rigata. Mariya ta ɗauke shi zuwa bayi. Na saki hannun Inna don in goge riga. Wallahi bai fi minti biyu ba. Na ɗago kai, kujerarta ba kowa.

Daidai lokacin aka yi wata sanarwa, mutane suka miƙe suna jan walis zuwa matakala. Na tambayi Habibu me aka ce. Fuskarsa ta canza. Ya ce mun iso wani tsibiri da ke kafin namu, jirgin ba ya daɗewa, ƙofar ƙasa za ta buɗe, mutane da motoci su zuba waje, ya rufe ya wuce. In yarinyar ta bi taron, a can za a bar ta.

Ya kai ni teburin ma'aikata, ya yi wa wata mata bayani da yarensu, ya ce mini, "Ni zan tare ƙofar ƙasa," ya ruga. Ni ma ban iya tsayawa ba. Na bi layin kujeru ina kira, "Inna! Inna!" Na leƙa ɗakin cin abinci, na fita waje inda iska ke kaɗawa, na dubi ruwan sau ɗaya, na koma ciki. "Inna!" Turawa na ja da baya suna kallona, mutum da amai a riga yana ihu.

Na dawo teburin na miƙa wa matar fasfo. Ta karanta sunan a lasifika. Rubutun Faransanci, harshen Girka, abin da ya fito kamar sunan maganin tari. Ko Madam Kadi ba za ta gane shi ba. Ta maimaita. Shiru. Na ji ƙarar injin ta canza, jirgin yana juyawa zai jingina.

Mariya ta iso da Ado a kafaɗa. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce, "Tana jin ka, Baban Inna. Bombon take jira."

Kamar an watsa mini ruwan firigo. Yarinyar ba ta ɓata daga muryata ba, ni na hana ta amsawa. Tana wani wuri hannu biyu a baki, tana jin ubanta na wucewa, tana murna za ta ci wasa.

Na ga Mariya ta miƙa hannu ga makirufon. Na san za ta faɗa, sunan surukarta, in ni ban faɗa ba. Amma ni na ƙulla wannan ƙulli. Na riga ta ɗauka. Na ga Hajiya a raina zaune a kan tabarmarta a Talladjé tana jan carbi. Na ce a zuciya, ki yafe mini. Na danna abin.

"Zulaiha!"

Muryata ta fito daga kowane lungu na jirgin, daga sama, daga ƙasa, ta dawo ta same ni. Sama ba ta faɗo ba.

"Zulaiha! Zulaiha, Baba ne. Kin ci wasa. Fito ki karɓi bombon ɗinki."

Na saki makirufon. Na ji bugun zuciyata sau biyar, ko shida. Sai daga bakin matakala, tsakiyar mutanen da ke shirin sauka, wata ƴar murya ta tashi.

"Na'am!"

Taron ya tsage. Ga ta nan tana fitowa daga bayan tarin walis, kusa da wata tsohuwa mai ɗan kare a kwando. Ashe karen ta bi. Taki goma ya rage tsakaninta da matakalar. Ban san lokacin da na isa wurinta ba, na dai tsinci kaina a durƙushe, na rungume ta da amai da komai. Wani ya fara tafi, sauran suka ɗauka. Tsohuwar tana ta magana tana shafa kaina kamar ɗanta. Matar teburin ta sake yin sanarwa, Habibu ya hawo da gudu yana haki.

Yarinyar ta ture ni kaɗan ta ce, "Baba, kana wari." Sannan ta ɗaga yatsu. "Sau tara ka ce Inna, ban amsa ba. Bombon tara."

Na ce, "Goma. Kuma wasa ya ƙare, kin ji? Ya ƙare har abada. Kowane suna na kira, ki amsa."

Habibu ya ce, "Yaya, har ƙasa wajen motoci na ji ka. Ladanin Talladjé ya shiga uku."

Mariya ta ciro zane daga jaka ta goge mini riga da kanta, a gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba.

Kwana goma sha biyu muka yi a Naksos. Gidaje farare, ƙofofi shuɗɗa, akuyoyi a kan duwatsu kamar na Tahoua. Yara suka gina gidan yashi, ruwa ya rushe, suka sake. Ado ya ci yashi har ya ƙoshi. A rana ta uku, ni da ban taɓa sa ƙafa a kogin garinmu ba, na naɗe wando na shiga teku har gwiwa, Inna a wuyana tana ce mini in ƙara gaba. Na ƙara har ƙugu. Wanda ya faɗi sunan uwarsa a lasifika, me ruwa zai yi masa? Mariya ta ɗauki hoto, yana nan manne a shagona sama da kwalaben gas.

Muka dawo Niamey cikin damina, taksi ya ajiye mu a bakin gudron, inda kwalta ta ƙare, saboda taɓo, muka ƙarasa da walis a ka. A hanya na roƙi Mariya kada maganar jirgi ta kai kunnen Hajiya, ta ce bakinta alaikum. Ban yi tunanin roƙon yarinyar ba. Ko takalmi ba ta cire ba ta faɗa jikin kakarta.

"Hajiya! Baba ya kira sunanmu a jirgin ruwa! Sau uku!"

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya. Ba ta dube ni ba, yarinyar ta duba.

"Da ƙarfi?"

"Da ƙarfi! Kowa ya ji. Turawa suka yi tafi."

Na durƙusa na ba ta labarin tun daga farko, idona a ƙasa. Ta saurara har ƙarshe. Ta shafa kan yarinyar ta ce, "Takwara, shi ya faɗe shi daidai?" Yarinyar ta ce daidai, ya fi na Madam Kadi ma. Hajiya ta ce, "To." Ta miƙe ta shiga ɗakinta ta saki labule. Da magariba ta aiko mini da fura, wadda ta dama da hannunta, ba tare da saƙo ba.

Yau sati uku ke nan. Ba ta tayar da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Yarinyar na gida, tana amsa sunayenta biyu. Amma ko Hajiya ta ji haushi ne, ko daɗi ta ji, wannan har yanzu ban sani ba.