Bindigar Ƙarƙashin Rumbu

Ruwan ƙarshen damina ne ya karya rumbun Inna Aina'u. Rumbun ya girmi aurenta, domin a tsaye ta tarar da shi ranar da aka kawo ta gidan marigayi Hadi, shekara hamsin da ɗoriya ke nan. Da ta gaji da yi wa autanta Sha'aban magana ya kwashe ɓaraguzan, yana ta cewa a bari sai bayan girbi, sai ta kira Ɗanliti magini.

Hantsi bai gama ɗagawa ba diga ta bugi wani abu tsakanin duwatsun gindin rumbun. Ɗanliti ya jawo wani dogon ƙunshi na ruɓaɓɓen tamfol, ya buɗe, ya yi tsalle baya kamar ya taka garwashi.

"Inna, AK ce."

"Ka taɓa ganin AK ne, Ɗanliti?"

"A waya kullum ina gani."

Kafin ta ce ya rufa mata asiri ya riga ya kai zaure. A ƙauyen nan na gefen Kunci, tun da 'yan bindiga suka fara shigowa ta wajen Shanono, babu kalmar da ke tara jama'a kamar wannan. Nan da nan tsakar gida ta cika, mazan da ba su taɓa wuce zaure ba sun shigo ba sallama. Kowa ya leƙa sai ya ce AK ce, har da waɗanda ko bindigar maharba ba su taɓa riƙewa ba. Mai unguwa ya zo da carbinsa. Badaru shugaban 'yan sintiri ya zo da igiya a kafaɗa.

"Ina Sha'aban?" in ji Badaru.

"Ya kai fasinja kasuwa a babur," Sa'adiyya matar Sha'aban ta amsa daga bakin ƙofa.

"To za mu jira shi. Dama an ce 'yan acaɓa ne ke kai wa 'yan bindiga fetur da burodi."

Aina'u ta san abin da ake yi wa wanda aka kira infoma. Ba a cika kai shi wajen hukuma da ƙafarsa ba. Amma abin da ya fi igiyar Badaru tayar mata da hankali shi ne ita ma ta fara lissafi a ranta. Me ya sa yaron nan ya ƙi a taɓa rumbun? Me ya sa in an kira shi a waya yake fita bayan gida? Ta kori tunanin, ya dawo ya zauna.

Ta dubi abin da ke kwance a kan tamfol. Ita ba ta san bindiga ba, amma ta san cewa mutum talatin za su iya haɗuwa a kan magana guda alhali ba wanda ya sani a cikinsu. Ta gyara mayafi ta fuskanci mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a kira Saje Sabo tukuna. Shi ya ci abinci da wannan abin. In ya ce haka ne, ni da kaina zan riƙe muku yaron."

Saje Sabo abokin marigayi ne, tare suka shiga soja lokacin yaƙin basasa. Yanzu ido ɗaya ya yi yana, gwiwa ta ƙi, sai da aka riƙo shi. Ya zauna a kan turmi, ya ce a ɗora masa ita a cinya. Ya fara juya bakinta sama, ya kori masu tsaye a gabansa da sanda, sannan ya bi ta da tafin hannu tun daga gindi har hanci.

"Wa ya ce AK ce?"

Ɗanliti ya sosa ƙeya.

"Kai dai ka tsaya a kan laka da bunu. AK gajera ce, ɗan daji yana saɓa ta a ƙarƙashin riga ya hau babur. Wannan ku dube ta, in na tsayar da ita ta kusa kai mini ƙirji. Gidan harsashin AK a lanƙwashe yake kamar ayaba, yana cin talatin. Na wannan miƙaƙƙe ne, ashirin yake ci. FN ke nan. Ita muka ɗauka a yaƙi."

"Bindiga dai bindiga ce, Baba," in ji Badaru. "Ko wacce iri ce, a gidan nan aka ɓoye ta."

"A'a, ɗana. AK jaki ce. Ka jefa ta a taɓo, ka binne ta a gona, ka tono ta bayan wata shida, ka kakkaɓe, ta yi maka aiki. Shi ya sa mutanen daji ke son ta, ba su da lokacin shafa mai. Wannan kuwa kazar gidan gona ce. Ta fi kai nesa, ta fi duka, in ta tashi kafaɗarka sai ta yi kwana uku tana gaya maka. Amma ƙura kaɗan ta shige ta sai ta yi fushi. Kullum muna cikin gogewa kamar masu wankin kwano. Wane wawa ne zai binne ta da niyyar ya dawo ya yi aiki da ita?"

Ya kama mariƙin da ake ɗana ta da shi ya ja, bai motsa ba. Ya miƙa wa Badaru. Badaru ya ja har jijiyar wuyansa ta tashi, tsatsa kawai ta zubo masa a kan takalmi.

"Wannan tsatsar ta girmi Sha'aban da kai gaba ɗaya," in ji Saje.

Ya juya gindin katakon ya kawo shi kusa da idonsa mai gani. Akwai wata tsaga a gefe da aka ɗaure da wayar tagulla, ta yi kore. Tsohon ya daɗe yana kallo. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, Aina'u ta ɗauka kuka yake, ashe dariya ce.

"Allah ya jiƙanka Hadi, ɓarawon banza. Ni na ɗaura masa wannan wayar da hannuna. Aina'u, mijinki kwana arba'in ya yi a tsare bayan an gama yaƙi, ya rantse wa hafsanmu cewa ta faɗa kogi. Ni ma na tsaya na ba da shaida. Ashe kogin a ƙarƙashin dawarki yake."

Dariya ta ɓarke a tsakar gidan. Aina'u ba ta yi ba. Ta tuna shekarun da ta yi tana durƙusawa a gindin rumbun nan tana laluben ƙwan zabbi, da yaran da suka yi rarrafe a wurin, da mutumin da ya kwanta dama bai ce mata uffan ba.

"Da ya ga dama ai ya faɗa mini," ta ce.

"Da ya faɗa miki ai da kin sa ya mayar."

"Da ƙafa kuwa."

Mai unguwa ya yanke cewa a kai ta wajen dagaci yanzu, shi ya miƙa wa sojoji, Saje ya je ya yi bayani da bakinsa. Ana cikin naɗe ta a buhu aka ji ƙarar babur a ƙofar gida. Sha'aban ya shigo da ƙullin tumatir a leda, ya tsaya yana kallon taron.

"Lafiya? Wa ya rasu?"

Badaru ya zame igiyar daga kafaɗa ya miƙa wa Ɗanliti ya ɗaure buhun. Bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ba kowa. Juya mashin ɗinka, za ka kai Baba Saje gidan dagaci. Ka bi a hankali, gwiwarsa ba ta son rami."

Aina'u ta bi autanta da kallo har ya fice, da tsoho a bayansa rungume da buhu yana ta ba shi labarin kogin. Da gidan ya watse sai ta zauna a kan ɓaraguzan rumbun. Sa'adiyya ta kawo mata ruwa a moɗa, ta durƙusa.

"Inna, ni fa na san ba zai yi ba."

Aina'u ta sha ruwan har ƙasa, ta miƙa mata moɗar.

"Kin fi ni, 'yar nan. Ƙaro mini."