Dattin Haya a Gidan Gemma

A duk benen nan namu na gidajen gwamnati a garin Grimsby na Ingila, ba wanda ya kai Gemma Lofthouse tsabta. Albashin da take samu a gidan kula da tsofaffi ba ya kai ta ƙarshen wata, kuma sau uku a mako abincinta da 'yarta Maisie waken gwangwani ne a kan burodi. Amma ka shiga falonta, sai ka ji kunyar safarka. Shi ya sa muka sha dariya da muka ji wai gidanta masu fim suka zaɓa don nuna wa duniya talauci.

Daraktan, Crispin, saurayi ne daga Landan, ba ya rabuwa da hular ulu ko a cikin ɗaki. Gajeren fim zai yi a kan uwa mai renon 'ya ita kaɗai. Ya zagaya falon, ya shafa labule, ya yi ajiyar zuciya.

"Gidan ya yi," in ji shi, "sai dai mai kallo ba zai yarda ana shan wahala a nan ba."

"To kwana biyu a ciki," in ji Gemma, "mita ta ɗauke maka wuta kana tsakiyar wanka, sai ka ba mai kallo labari."

Kuɗin hayar gidan da masu fim za su biya dai zai sayi rigar sanyi da takalmin Maisie, don haka ta yarda. Ranar Litinin ma'aikatan fim suka hau da datti a cikin akwatuna, tun daga Landan. Suka sauke labule suka rataya tsohon bargo. Suka shafa baƙin fenti a bango ya zama kamar danshi, suka jera kwalaben giya, ga Gemma ko ɗanɗanawa ba ta yi. Wata mata ta yi rabin awa tana gyara yadda tabon shayi zai kwanta a kan kafet.

Anti Bev, tsohuwar maƙwabciyarta, ta tsaya a bakin ƙofa da kofi a hannu. "Ikon Allah! Da marigayi mijina ya san ana biyan mutum a kan wannan aiki, da yanzu ina da gidan kaina."

Kowa a benen nan ya san ambulan mai ruwan ƙasa, wadda hukuma ke aikowa. Ba ta taɓa kawo gaisuwa ba. Ba ma jefar da ita, ba ma kuma buɗe ta. Ana soke ta bayan agogo sai ranar da mutum ya tashi da ƙarfin zuciya. Na Gemma suna bayan akwatin burodi. Da Crispin ya gan su ranar Talata, har idonsa ya yi ƙwalla don murna. Ya roƙa a bar 'yar wasan da ke fitowa a matsayin uwa ta buɗe ɗaya a gaban kyamara.

"Ta buɗe mana," in ji Gemma. "In ta ga dama ta biya abin da ke ciki."

'Yar wasan ta yage ambulan, ta karanta da muryar kuka: "Sakamakon ƙorafin da aka kawo game da gidan da Maisie ke zaune, jami'ar kula da yara za ta ziyarce ku ranar Talata, sha huɗu ga wata, da ƙarfe biyu na rana."

"Madalla!" in ji Crispin. "A sake, da ɗan rawar murya."

"Yau nawa ga wata?" in ji Gemma.

Sha huɗu ne. Agogo ya ce ɗaya da minti goma. Ta san mai ƙorafin: kakar Maisie ta wajen uba, wadda tun da ɗanta ya tsere take cewa yarinyar ta fi dacewa da hannunta. In jami'a ta ga falon nan a haka, an ba tsohuwar abin da take nema.

"Kai, ɗan Landan," in ji Gemma, "ajiye abin nan ka kama burushi. Banɗaki naka ne."

"Amma ba mu gama ɗaukar..."

"Za ka gama a asibiti. Wuce!"

Anti Bev ta bi ƙofa ƙofa tana dukan su da silifa. Har mu mazan hawa na uku, da matanmu suka daɗe da fid da rai a kanmu a harkar shara, aka damƙa mana tsumma. Fentin bango ya ƙi fita, sai Maisie, da yake makarantu na hutu, ta liƙa zanen dokinta a kai. Biyu saura minti biyar aka hango jami'ar a matakala. Maƙwabta muka watse, masu fim kuwa ba hanyar fita da kayansu. Gemma ta tura su duka, su bakwai, cikin banɗaki da fitilunsu, ta ja ƙofa.

Jami'ar, Misis Ackroyd, ta shigo tana haki, ta karɓi shayi, ta duba ɗakin Maisie, ta gyaɗa kai. Sannan ta buɗe firji. Ba komai a ciki sai rabin albasa.  Firjin kaɗai aka manta.

"Abincinmu yana firjin Anti Bev," in ji Maisie. "Crispin ya ce albasar ta fi ban tausayi ita kaɗai."

"Wane ne Crispin, 'yan mata?"

"Yana banɗaki, shi da mutum shida."

Misis Ackroyd ta je ta buɗe. Ga su a cunkushe, wani a kan masai rungume da kyamara, Crispin a durƙushe cikin baho da burushi. Ya ce mata barka da rana. Ta amsa, ta mai da ƙofar ta rufe.

Gemma ta faɗi komai, ba ta rage ba. Jami'ar ta leƙa firjin Anti Bev, ta zauna da Maisie su biyu har minti ashirin, Gemma na tsaye tana murɗa tsumma.

"Shekara ashirin da biyu ina shiga gidajen mutane," in ji jami'ar da ta fito. "An ɓoye mini kare, an ɓoye mini saurayi. Bakwai a lokaci ɗaya dai sai yau." Ta rufe jakarta. "Yarinya tana inda ya kamata ta zauna. Haka zan rubuta."

Da jami'ar ta sauka, Gemma ta zauna a ƙasa daɓas, ta jawo Maisie jikinta tana sumbatar kanta har yarinyar ta ce, "Mama, za ki ƙarar mini da gashi."

Daga banɗaki aka ƙwanƙwasa a hankali.

"Gemma? Mu fito?"

"Sauran su fito," in ji ta. "Kai ka gama bahon tukuna."