Shanun Manu Ba Sa Cikin Waya

Suwaiba ce ta rubuta manhajar da masu yi wa dabbobi allurar rigakafi suke aiki da ita tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Malamin dabbobi zai ɗauki hoton saniya, ya rubuta sunan mai ita da shaidar jikinta, wayar ta adana har a samu sabis ta tura ofis.

Da damina Mannir, ɗaya daga cikin malaman, ya je rugar Manu a bayan Ƙarfi, ya yi wa shanunsa ashirin da shida allura, ya ɗauki hoton kowace. Bayan wata biyu ɓarayi suka kore garken kaf. Da kaka aka ƙwato wasu shanu a daji aka kawo Malumfashi, aka ce mai hujja ya zo. Manu ya gane goma sha ɗaya, amma wani ma ya ce nasa ne, har da shaidunsa. Sai Manu ya tuna da hotunan, ya hau babur ya nemo Mannir.

Mannir ya duba wayarsa, babu. Ya kira Suwaiba ta duba kwamfutar ofis, nan ma ko sunan Manu babu.

Kwana biyu tana bin rubutun manhajar layi-layi kafin ta gano. Da waya ta samu sabis, ayyuka biyu ke tashi lokaci guda, kowanne a hanyarsa: ɗaya yana tura sabbin bayanai ofis, ɗayan yana share rumbun bayanan wayar ya sauko da sabo. Ba ta sa mai sharar ya jira mai turawar ba. A Funtuwa inda ta yi gwaji sabis na da ƙarfi, turawa kan gama da wuri. Ranar da Mannir ya baro rugar kuwa sabis ɗin yana zuwa yana ɗaukewa, sharar ta riga turawar, bayanan ranar suka goge.

Ta gyara. Ta jera ayyukan a layi ɗaya, ba a share komai sai ofis ya amsa ya karɓa, sabon bayani kuma a sauke shi gefe, sai ya cika a musanya. Aikin bai kai awa uku ba, hakan ya fi komai yi mata ciwo.

Ranar Asabar ta ce Mannir ya kai ta rugar. Sun tarar da Manu zaune kusa da turakun da babu komai a kai sai shanu uku ramammu, waɗanda maƙwabta suka rantse a kansu aka ba shi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa kuskuren nata ne, kada ya riƙe Mannir a rai. Ta fara bayanin yadda abin ya faru, amma ba ta kai ƙarshe ba.

Manu ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya wuce ranarsa, sannan ya tambaye ta ko ta gyara.

"Na gyara, Baffa."

"To, 'yata, ku biya ta wurin maƙwabcina Isah, ga rugarsa can bayan tsamiya. Rana ɗaya aka yi mana allura, a sake ɗaukar hoton nasa. Shi har yanzu yana da shanu."

Matarsa ta fito tana ba su haƙuri babu nono a gidan, ta miƙo musu ruwa a kofi. Suwaiba ta kurɓa, suka bi ta gefen gonar dawa zuwa wurin Isah.