Motar da Haidar Ya Saya a Jega

Da aka ƙirƙiro jihar Kebbi, aikin Haidar ya koma Birnin Kebbi, amma ya ƙi barin Maiyama saboda mahaifiyarsa ta kwanta ciwon ƙafa. Sai ya je Jega neman tsohuwar mota mai gudu wadda ba ta shan mai.

Dillali ya nuna masa wata ja mai ƙofa biyu. Ya tuƙa ta har Aliero, ta kwanta masa a rai. Da ya dawo, ya daɗe yana kallon kujerar baya.

"Inna ba ta iya shiga wagga," in ji shi.

Ya ɗauki wata fara mai ƙofa huɗu. A cikinta ya riƙa kai tsohuwar tasa asibiti shekara biyu, har Allah ya yi mata rasuwa.