Matatar Saƙo a Gindin Dala

Tunda soja suka koma bariki, Turawan da ke sayen kirgi a wurin Alhaji Gwadabe suka daina bugo waya, sai imel. Kafin a ankara akwatin saƙon kamfaninsa da ke gindin Dala ya koma bola: masu tallan magani, da masu yi masa albishir ɗin ya ci caca, mutumin da ko karta bai taɓa riƙewa ba.

Hafsat, 'yar ƙaninsa da ta karanci kwamfuta, ta ce a bar mata. Ta haɗa wata tsohuwar kwamfuta a gaban babbar da ke karɓar saƙonnin kamfanin. Duk abin da ya shigo sai ya bi ta cikinta, ta miƙa na kirki, ta kulle tarkace a gefe. Alhaji ya raɗa mata suna matata. Sharaɗinsa ɗaya ne: ranar da ta riƙe saƙon mutumin arziki za a cire ta, Hafsat kuma ta nemi aiki a gaba.

Komai lafiya lau, har ranar da Hafsat ta leƙa tarkacen. A ciki ta tarar da wani saƙo daga Agadas. Malam Sabo, aminin Alhaji tun suna yawon sayen fata ƙauye-ƙauye, ya rasu. Ɗansa ya yi abin da kowa ke yi, ya sanar da duk wanda ya san mahaifinsa a tashi ɗaya. Matata ta ga saƙo guda ga mutane rututu, ta ɗauka talla ne. Har an yi sadakar bakwai.

Hafsat ta buga saƙon a takarda ta kai wa Alhaji da hannunta.

Alhaji ya karanta, ya yi ta salati. "Iyalinsa za su ce na ji na yi shiru. Cire ta."

"Baba, ba ta san mutanenka ba ne. Ka faɗa mini su in koya mata, kada ta sake tare su. In ta kuma, ni da kaina zan kwance ta in tafi."

Ya daɗe yana kallonta. Taurin kan nan ya san shi, na gidansu ne. Ya ja kujera ya zauna kusa da kwamfutar.

"To, fara da aminaina. Malam Sabo na..."

Sai ya tuna. Bakinsa ya saba farawa da sunan. Hafsat ta ɗage hannu tana jira, tausayinsa ya kama ta.

"Sa shi," in ji Alhaji. "Ki sa ɗansa a ƙarƙashinsa."